Kwandala Mai Hoton Tsamiya

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ina ɗan shekara tara a ƙauyenmu Babban Duhu. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu, shi ma tsararon kunu ne da kwaɗon tafasa. Da an sallame isha'i sai mu shige ɗakin Kaka Hajjo, mahaifiyar babanmu, ni da yayana Sale da ƙanwarmu Uwani, mu kewaye 'yar wutar kara. Kullum a kusurwa ɗaya take zama bisa wata tsohuwar tabarma, ko shara za a yi ba ta yarda a ɗaga ta.

"Ku matso, ta iso," haka take buɗe tatsuniya. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wata kwandala. Ba ta kashewa ba ce. An buga ta ne don tunawa da wani bikin nunin amfanin gona, aka ba kakanmu guda. Gefe ɗaya hoton tsamiya, ɗayan kuma hoton sa da garma.

Tatsuniyar ba ta da tsawo. Wai wani manomi ne ya binne dukiyarsa, da ajali ya zo ya miƙa wa 'ya'yansa irin wannan kwandala ya ce, "Wurin yana jikinta." Nan Kaka take tsayawa, ta danƙa mana ita. "To, masu wayo, ina ya binne?"

Sale ya rantse gindin tsamiyar hanyar Runka ne. Ni na ce a'a, turken sa. Uwani kuwa sai ta sa kwandalar a baki tana tsotsa. Kaka ta ce, "Ke ja'ira, fito min da ita! Kun kusa dai. Sai gobe." Haka muka yi wata da watanni muna haƙa daji daga zaune, har barci ya riga yunwa kama mu. Babanmu yana jin mu daga tsakar gida. Ya riga ya sayar da akuyarmu ta ƙarshe.

Uwani ba ta ga damina ba. Zazzaɓi ne aka ce, amma kowa ya san jikin da ya tarar.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Baba ya zauna a ƙofar ɗaki ya haɗa kai da gwiwa, don ko ƙwayar iri ba shi da ita. Kaka ta miƙe da ƙyar, ta naɗe tabarmarta, ta ce masa, "Ɗauko fartanya, haƙa nan." Tulu ne, an liƙe bakinsa da laka, cike da gero gauraye da toka saboda ƙwari.

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Inna, 'yata na ramewa a gabanki, kina zaune a kan gero?"

"Ina zaune," in ji ta. "Da na buɗe, kwana nawa zai kai mu? Yau me za ka zuba a rami? Kana tsammanin ni ban ji nauyin Uwani a cinyata ba?"

Sale ya ce, "To Kaka, tsamiyar fa?"

"Ni ma ban san ta ba, ɗan nan. Da ban kai hankalinku daji ba, da kun duba ƙarƙashina."

Wallahi na daɗe ina jin haushinta. Sai da na haifi nawa na san abin da tsohuwar nan ta haɗiye kowane dare tana yi mana dariya.

Yanzu ina koyarwa a Batsari, a ɗakin haya, tun da masu bindiga suka tashe mu. Kwandalar tana wurina. Akwai kuma jarka a ƙarƙashin gado, cike da jikokin geron nan, damina ta uku ke nan ban buɗe ta ba. Jiya aka kwana ana ruwa. Da safe ƙaramar 'yata, wadda na mai da wa sunan Uwani, ta ga kwandalar ta ce, "Baba, wannan tsamiyar a gonarmu take?"

Na gaji, har ban iya yi mata ƙaryar Kaka ba. Ita Kaka ruwa take jira, kuma ya zo. Ni ga iri, ga ruwa, gonar ce ba ta shiguwa.