Kafintan da Ake Kira Wato

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin wani kafinta da ake kira Wato.

Ba sunan yanka ba ne. Bakinsa ne ya jawo masa. Duk abin da ka faɗa, sai ya ajiye guduma, ya karkace kai, ya ce, "Wato kana nufin..." Daga nan sai ya ɗauki maganarka ya feƙe ta, ya ƙara mata ƙaho da wutsiya, ya ragargaza ta a gaban jama'a. Matarsa ta ce ya rage shan sukari, ya ce, "Wato yunwa za ki kashe ni da ita." Maƙwabci ya ce ƙarar injin ta yi yawa da sassafe, ya ce, "Wato in bar sana'ar ubana." Mutane su yi ta dariya, shi kuwa ya koma kan zartonsa yana jin ya yi nasara. Ba mugu ba ne, ka ji. Hannunsa a sake yake, kujerar da ya haɗa kuma sai jikoki su gaje ta.

Tun suna samari yake aiki da ƙanensa a shago ɗaya. Ƙanen ne mai feshin fenti, a can ƙuryar shagon inda iska ba ta kaiwa. Da tari ya fara damunsa, sai ya ce, "Yaya, da mun fasa taga a bangon baya."

"Wato shagona kabari ne? In rushe shi in gina maka asibiti, ranka ya daɗe?"

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Ƙanen bai sake tayar da maganar ba. Sai wata safiya Wato ya tarar da shi yana zuba kayan aikinsa a buhu. Wani shagon ya samu, mai fili da iska.

Wato ya koma gida yana huci. "Kin ga butulcin yaron nan?"

Matarsa ba ta ɗago daga wankinta ba. "Maigida, kai fa ba ka taɓa gardama da mu ba. Mutum-mutumi kake sassaƙawa, ka sa masa rigarmu, ka buge shi. Mu kuwa muna gefe muna kallo."

"Wato..."

"Ka gani ko?"

Ya nemi ainihin abin da ƙanensa ya faɗa, ya rasa. Amsar da ya ba shi kawai yake tunawa.

Ya fita, ya samu ƙanen a bakin titi yana jiran mota. "Auta, sake faɗa mini abin da ka ce rannan."

"Taga na ce, Yaya."

"Taga kawai?"

"Taga kawai."

Ƙanen ya yi tari, ya ɗaga buhunsa, ya shiga mota. Ya riga ya yi wa masu sabon shagon alkawari.

Da yamma aka ji Wato yana fasa bangon baya. Tagar na nan har yau, iska na shiga, ba mai feshi a ƙuryar. Ni dai duk sanda na wuce sai in tsargu. Kai fa, wanda ka kayar a gardama jiya, ka tabbata shi ne a gabanka?