Zangarniya Uku a Saman Murhu

A ƙauyenmu da ke gefen Bici, idan kaka ta yi, mu yara ma muna da namu noman. Manya su gama cirar gyaɗa, mu bi bayansu muna kala. Kowa ya gina ɗan rumbunsa na laka a bayan ɗakin kakarmu, Iya Abu, ya zuba abin da ya samo. Dokar wasan ɗaya ce: wanda rumbunsa ya kai ruwan farko da sauran iri a ciki, shi ne sarkin noma.

Nawa bai kai kwana huɗu ba. Na gasa gyaɗar a toka na cinye tas.

Ran nan bayan magariba muka kewaye murhu, Iya na tura kara a wuta, hayaƙi na tashi a hankali.

"Ku matso," in ji ta, "wata ta iso daga nesa."

"Ta sauka mu ji ta!" muka amsa, don mun san tatsuniya ce tafe.

Wai Damina mace ce doguwa, zanenta kullum a jiƙe, duk inda ta taka sai ƙasa ta yi ƙamshi. Kowace shekara takan bi gida gida tana sallama: "Ina 'ya'yan da na bar muku?" Wani magidanci ya miƙa mata ƙwarya wayam. Ba ta yi faɗa ba. Ta zuba masa ruwa kamar kowa, gonarsa ta cika da ƙarangiya. Sai ta isa gidan wata mata da mijinta ya rasu. Ita kuwa zangarniyar gero uku ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. Duk bazara 'ya'yanta suna kallonsu suna kuka, tana dafa musu ganyen rama. Ta sauko da su ta ba Damina, gero ya tashi har ya rufe ɗakinta.

Na ce, "Iya, ba ta da tausayi ne? Ai da ta dama musu kunu."

Ta daɗe tana kallon wuta. "Tana da shi, Hauwa. Je ki wanke bakinki, duk toka ce."

Na girma ina zaton don kwaɗayina aka yi tatsuniyar. Sai bayan rasuwar Iya, ina aure a Bacirawa, na je gaida Baba na ba shi labarin ina dariya. Bai yi dariya ba.

"Ba uku ba ne," ya ce. "Biyar ne. Ni nake ƙirga su kullum. Iya takan juya mana baya tana gyara wuta, wai hayaƙi ne ke sa ta hawaye."

Yanzu ni ma ina da 'ya'ya, na san yadda kukansu ke shiga jiki. Har yau ban tabbata hannuna zai iya abin da nata ya yi ba. Amma geron da Baba ke shukawa har bana, daga waɗannan biyar ɗin ya fito, kuma da shi aka yaye mu duka.