Gonar yayana da aka goge

Shekarun baya kaɗan, da farkon damina, yayana ya faɗi a babur a hanyar Sheme ya karye a cinya. Aka ɗora shi, aka ce wata uku ba zai taka ba. Manomi ne, yana kwance a ɗaki a Faskari yana jin ruwa na sauka, masararsa tana hannun 'yan ƙwadago. Duk wanda ya shiga dubiya sai ya fito da ɓacin rai.

Ina da wata 'yar na'urar wasa kamar tafin hannu, mai ɗaukar wasannin da muka yi muna yara. Na ce bari in kai masa. Na san halinsa, in abu ya ba shi wuya sau biyu ya jefar ke nan. Don haka na zauna zaɓe. Wanda ke da dogon Turanci na cire. Wanda in ka mutu sai a mai da kai farko na cire. Na bar masu madanni biyu ko uku, masu launi tas, waɗanda za ka ajiye inda ka tsaya in an kira salla. Ƙato da ni, sati biyu ina gwada wasa ina rubutawa a littafi kamar mai duba jarrabawa, matata na yi mini dariya. Sha biyu suka tsira.

Da farko ya ce shi ba yaro ba ne. Kwana huɗu sai ga wayarsa, wai yaya ake shayar da shuka a wasan noman nan. Shi ke nan ya kama. Ya share gona, ya yi shinge, ya tara shanu har bakwai. In na je, kafin mu gama gaisawa ya miƙo mini in ga amfanin da ya girbe. Faɗan ma ya ragu.

Sai wani abokina mai gyaran waya a Kankara ya je dubiya ba na nan. Ya ga sha biyu kacal, ya yi dariya, ya ce na cuci Yaya. Ya zare memorin da wasannin ke ciki, washegari ya aiko da shi cike da wasa dubbai, rabi da rubutun da ba mai iya karantawa. Kafin ya zuba sai da ya goge komai.

Na tarar da yayana ya juya wa bango fuska, na'urar na ƙasa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Gonar waje ban iya zuwa ba, ta cikin ma an kwashe."

A take na kira abokin nan. Na tambaye shi wa ya sa shi, kuma ya tambayi mai abin kafin ya goge? Buɗar bakinsa sai ya ce, "Haba, mi ya yi zafi? Wasa ne fa. Ni da na ƙara maku kyauta."

Kyautar ce ta fi ƙona mini rai. Ni ma da laifina, ban kwafe ajiyar gonar tasa a wani wuri ba, duk da iyayin da nake yi. Na mayar da sha biyun a ranar, amma na noman bai ƙara buɗe shi ba. Ya ce ba zai sake sharar daji ba.

Yayana ya warke, yanzu ko ɗingishi ba ya yi. Ni da abokina mun shirya, muna cin tuwo kwano ɗaya. Amma har yau bai yarda ya yi kuskure ba, in zancen ya taso lissafi yake yi mini, dubbai da sha biyu wanne ya fi. Ni kuwa na daina musu da shi. Abin da na sani, mutum na iya shigowa da niyyar alheri ya share maka abin da kake riƙe da shi, don kawai bai tsaya ya tambaya ba. Ko caja abokin nan ya ce in ara masa, sai na ji abin ya taso mini.