Tafin Hannun Usman Makaɗi

Lukuman taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa: mutumin nan bai iya zama ba. Goro yake sayarwa, yau Tsafe, gobe Bungudu, jibi Gusau, ko shayi a tsaye yake sha. Tun da ƙauyenmu na wajen Magami ya watse saboda 'yan bindiga, abin nasa ya ƙaru. Ya kama ɗaki a Sabon Garin Gusau, amma maƙwabta sun fi sanin kwaɗon ƙofarsa da fuskarsa.

Abu ɗaya ya ɗauko ranar gudu: gangar noman mahaifinsa, Usman Makaɗi, wanda a zamaninsa ba a gayya sai da shi. Yanzu ba gona, ba gayya, ko kabarin tsohon ba mai iya zuwa. Abin da ke cin ran Lukuman ke nan, kada sunan uban ya ɓace tare da ƙauyen.

Wata rana ya ji a rediyo ana tattara kayan tarihi a wani ofishi a Gusau, kuma ana rubuta sunan mai kaya a ƙarƙashi. Ya sauko da gangar ya duba. Fata ta yi baƙi ƙirin, igiyoyi sun ruɓe.

Ya ce da ni, "Yazid, ba ni kai Baba gaban manya da tsumma."

Ya kwashe ta sai Bungudu, wurin Sani mai ɗaurin ganga. Aka sa sabuwar fatar akuya da sabbin igiyoyi, aka kankare icen, har da jan fenti. Kada in yi ƙarya, ni ma na yaba. Ranar kaiwa ya zuba babbar riga, ya ja ni rakiya.

Ma'aikaciyar da ke karɓar kayan, Madam Lidiya, ta juya gangar nan ta sake juyawa.

"Malam, bana aka yi wannan?"

"Haba! Ta girme ni. Gyara ta dai anka yi."

"To ina tsohuwar fatar? Ai ita muke so. Wurin da hannun babanka ya ci shekara da shekaru, shi mutane za su zo gani. Wannan kam akwai irinta a kasuwa. In ka samo ta, ka dawo mu rubuta sunansa."

Na so in tsokane shi kamar kullum, sai na fasa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Muka bazama tasha, za mu Bungudu. A mota ya hana direba sakat, shi ne ma ke leƙawa taga yana korar fasinjan hanya. Muka iske Sani yana jiƙa fata.

Sani ya ce, "Wace hwata? Waccan ruɓaɓɓa? Ai na yanke ta na yi ɗauri. Duba can cikin tarkace ko da saura."

Lukuman ya durƙusa da babbar rigarsa yana tonon tarkace kamar kaza. Can ya zaro wani yanki daga gefen fatar, inda hannun hagu ke kwanciya in ana kiɗa. Wurin ya yi sumul, yana ƙyalli, ga alamar yatsu huɗu ta lotsa. Ya ɗora tafinsa a kai. Na tsohon ya fi nasa faɗi.

Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

Na ce, "Tashi mana, sarkin gaggawa, ofis na tashi ƙarfe huɗu."

Bai dube ni ba. Ya ce, "In sunka sa ta cikin gilashi, ana barin mutum shi taɓa?"

Na san amsar, shi ma ya sani. Daga inda muke ina hangen bakin titi. Mota uku suka cika suka wuce Gusau, Lukuman yana zaune, hannunsa bai bar kan fatar ba.