Tukunya mai baki a gefe

Duk yaron da ya yi firamare a unguwar Yelwa ta Garwa a 'yan shekarun nan ya san Mama Léontine, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan 'yar firit da ke zama gindin darbejiya a bayan azuzuwa kowace Laraba da rana, laka har gwiwar hannu, yara sun yi mata zobe suna ɓata yumɓu tana gyarawa. Faransancinta bai wuce 'yan kalmomin coci da na asibiti ba. Fulatancinta na sayen gishiri ne. Hausa kuwa a kasuwar Mora ta tsince ta, tana yinta da karkacewar harshen mutanen dutse, amma idan ta ce wa yaro, "Sassauta hannu, laka ba jaki ba ce," ba ya neman tafinta.

An haife ta a kan dutse, yamma da Mora, a gidan maƙera. A wajensu maza ke ƙira, mata ke ginin tukwane, kuma ba a tambayar yarinya ko tana so. Kafin ta yi wayo ta iya kasko, kafin ta yi aure ta iya tulu da randa. Akwai guda ɗaya da uwarta ba ta nuna mata ba sai da ta ga ita ma ta haihu. Idan magidanci ya mutu, ana gina masa wata 'yar tukunya mai gajeren wuya, bakinta a karkace gefe guda, a ajiye ta ƙarƙashin rumbu. Ɗansa na fari ke kula da ita, in an yi girbi ya ɗiga mata giyar dawa. Ba a ce mata tukunya, uba ake ce mata. Dokarta biyu ce: ba a gina wa mai rai, kuma ba a fasa ta. Fadan cocin da ya yi musu baftisma ya sha yin wa'azi a kan wannan al'ada. Léontine ta saurare shi da ladabi, ta je coci ran Lahadi, ran Litinin ta koma kan lakarta. Ita dai ba ta ga abin rigima ba tsakanin Allah da ke sama da iyayen da ke ƙarƙashin rumbu.

Ta haifi 'ya'ya da dama, ɗaya ne ya tsaya, Hubert. Noma yake yi, ran kasuwa ya ɗora buhun albasa a keke ya gangara Mora. Keken nan sarƙarsa kuka take yi kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba, tun daga gindin dutse uwarsa ke jin dawowarsa ta ɗora masa ruwan wanka. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, ta bar masa 'ya ɗaya, Christelle.

A shekarun da mutanen daji masu bindiga suka addabi ƙasar, wata safiyar kasuwa suka tare hanya. Da aka samu damar zuwa wurin, an tarar da keken a kwance, albasa ta watse cikin rami. Aka duba gawawwakin ɗaya bayan ɗaya, babu Hubert. Wasu suka ce an tafi da shi, wasu suka ce sun ga faɗuwarsa. Dattawan gida suka jira iya jiransu, sannan suka zo suka zauna a ƙofarta suka ce ta gina masa tasa tukunyar, yarinya ta samu uban da za ta riƙe. Léontine ta ce, "Ku kawo min gawa, in kawo muku tukunya." Ba ta yarda an yi zaman makoki ba. Wanda ya zo gaisuwar mutuwa sai ta ba shi ruwa, ta tambaye shi ko ɓatan kai ya yi.

Ba a daɗe ba ƙauyen ya watse. Ta goya Christelle ta bi motar da ta samu har Garwa, inda wata 'yar cocinsu ta ba ta ɗaki. Ta samo yumɓu a bakin kogin Binuwai, ta taɓa ta ce bai kai na gida ba, amma ta ci gaba da gini, don ciki ba ya jiran laka mai kyau. Yarinya ta tashi tana tambayar ubanta, kakar tana ba ta amsa ɗaya: ya tafi fatauci, hanya ce ba kyau. Labarin dutse kuwa duk ta ba ta, har na tukunyar uba da dokokinta. Sai dai Christelle ba ta taɓa ganin irinta da ido ba, don ta kakanta tana can ƙarƙashin rumbun da aka gudu aka bari.

Gaskiya dai akwai ranakun da Léontine ta san ƙarya take yi, akwai kuma ranakun da ita ma take yarda da maganar. Abin tausayi ne. Da tsakar rana, sa'ad da zafin Garwa ya kora kowa cikin inuwa, titi ya yi tsit, sai ta ji kukan sarƙar nan yana tahowa. Takan ajiye abin da ke hannunta ta leƙa. Wani lokaci mai sayar da ƙanƙara ne, wani lokaci ba kowa, sai rana a kan yashi. Ba ta taɓa gaya wa mahaluki ba.

Malama Sadiƙa ce ta jawo ta makaranta. 'Yar gidan 'yan kasuwa ce, jikar Kanawan da suka daɗe da zama a Garwa, ita ke koyar da ajin su Christelle, kuma mace ce da ba ta iya ganin abu a zaune ta ƙyale shi. Ta zo sayen randa, ta tafi da randa da mai randar. A shekarar nan makarantar ta shirya kermes, bikin saye da sayarwa da wasanni da ake yi kafin hutun Kirsimeti, aka ce ribar za a saya wa yaran da ke gudun hijira a wajen Mora littattafai da sabulu. Kowane aji da sana'arsa: wasu zoɓo, wasu suyar fanken da suke kira makala, wasu tsintsiya. Ajin Malama suka ɗauki asusu da ƙananan tukwane.

"Dada, za ki koya musu?" in ji Malama.

"Metires, mutanenmu fa za a ba," in ji Léontine, tana kiranta yadda yara ke kiran malama da Faransanci. "Ai ko ba ki roƙa ba."

Haka aka fara zaman Laraba. Yaran birni ne, ba su san laka ba sai ta damina da ke kama takalmi, abin da suke ginawa wani ya fito kamar gurasa, wani kamar kan akuya. Ta yi musu faɗa, ta yi musu dariya, ta kama hannuwansu ta ɗora a kan nata har suka fara jin inda laka ke so ta bi.

Wata rana tana gida ita kaɗai tana gina abin gwajin da za ta kai musu, hankalinta ya tafi, hannu yana aikinsa. Kukan sarƙa ya taho ya wuce ta bayan katanga, wannan karon ba ta tashi ba. Da ta sunkuyar da kai ta dubi abin da ke gabanta, sai ta ga tukunyar uba ce. Gajeren wuya, baki a gefe. Allah shaida ba ta yi niyya ba, amma ga ta nan an gama har da shafe. Laka ce ɗanya, mari ɗaya ya isa ya mai da ita curi. Ta ɗaga hannu, hannu ya ƙi sauka. Sai ta yi wa kanta dabara: za ta sa ta a wuta tare da sauran, in Hubert yana da rai ta fashe. Da aka buɗe toka, tuluna biyu masu kyau sun tsage, ita kuwa ta fito ja wur, in an ƙwanƙwasa tana amsawa. Léontine ta naɗe ta a tsohon zane ta tura bayan buhun masara, ta ce wa ranta wuta ba ta san gaibu ba.

Larabar ƙarshe Malama ta dubi tarin abin da yara suka gina ta ce, "Waɗanda suka karkace kada a zubar. Kowa ya duba gida ma, in akwai marar kyau ya kawo, za mu yi kas-kanari da su."

Léontine ta gyaɗa kai. Kanari ta sani, tulu ke nan a bakin masu Faransanci. Kas kuwa ta ɗauka kes ce, akwatin nan da ake zuba baiko a coci. Har ta yaba hankalin Malama, tukunya ko ta karkace ai ta riƙe sadaka. Ba ta san fasawa kalmar take nufi ba.

Ranar kermes filin makaranta ya cika maƙil. Lasifika tana ruri, direktan makaranta yana zufa cikin kwat, iyaye suna sayen abin da ba su buƙata don 'ya'yansu ne suka yi. Léontine tana bayan tebur tana naɗe asusu a takarda sai ta ji fus, sannan ihun murna. Maginiya ta san ƙarar fashewar tukunya ko a tsakiyar kiɗa. Da ta sake ji, ta bar teburin ta kutsa cikin taro.

An ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu, an rataye karkatattun tukwane cike da alewa da gyaɗa. Yaro ya biya, a ɗaure masa ido, a jujjuya shi, a ba shi sanda. Ƙasa duk tsingaro. Ranta ya ɓaci, ta buɗe baki za ta ce wannan wane irin wulaƙanci ne, sai idonta ya faɗa kan ta tsakiya. Ja wur, baki a gefe, tana lilo a hankali alhali ba iska. Ashe Christelle ta tsince ta bayan buhu, ta ga marar kyau ce, ta kawo wa Malama. Kuma Christelle ɗin ce a ƙarƙashinta yanzu, ido a ɗaure da ɗankwali, tana dariya, sanda a hannu biyu.

"Hagu! Hagu!" in ji wasu yara. "A druwat!" in ji wasu, wato dama. Ta kai duka ta sami iska. Ta sake kaiwa, bakin sanda ya gogi gindin tukunyar, ta yi ƙara ta juya.

Léontine ta ƙwala kira da yaren dutse, amma yarinyar Garwa ce, yaren bai zauna a kunnenta ba, ga kuma kiɗa. Sanda ta sake tashi. Sai tsohuwar ta faɗa da Hausa, harshen da kowa a filin nan ke ji:

"Christelle! Kada ki doki ubanki!"

Wasu yara suka yi dariya, suka ga ba mai taya su, suka yi shiru. Yarinyar ta tsaya da sanda a sama. Ba ta kwance ɗankwalin ba, ta dai juya fuska inda muryar ta fito.

"Kaka," ta ce, "ke kika ce ba a gina wa mai rai."

Amsar da Léontine ta saba bayarwa tana nan a bakinta, ta sha fita ba wahala. Yau ta ƙi fita.

"Ba a ginawa," ta ce.

Malama Sadiƙa ba ta gane kan zancen ba, amma ta ga fuskar tsohuwar. Ta hau benci ta kwance igiyar da kanta, ta zazzage alewar a ƙasa, ba yaron da ya sunkuya. Ta miƙa wa Léontine tukunyar, Léontine ta girgiza kai ta nuna yarinyar. Christelle ta yar da sanda ta karɓa, tana shafa wuyan da bakin da yatsu, ɗankwalin ya jiƙe daidai wurin idanu.

"Yaushe ya mutu?"

Léontine ta so ta ce tun kina goye, ta so ta ce ban sani ba. Duk biyun gaskiya ne, amma ba su ne amsar ba.

"Yanzu," ta ce. "Yanzun nan, 'yar nan."

Ta zauna a ƙasa cikin tsingaro, ta cire ɗankwalinta, ta ɗora hannu a ka, ta fara kukan mutuwa irin na mutanen dutse, mai ja da tsawo, tana kiran sunan ɗanta. Wani ya je ya kashe lasifika.