Faifan da Baba Ya Rataye a Gonar Shinkafa

Shekarar nan ce damata ta ƙarshe ta neman aikin gwamnati, daga ita shekaruna sun haura waɗanda ake ɗauka. Jarrabawar kuwa a kwamfuta ake yi, ranar Talata ƙarfe goma, ana kallon fuskarka ta kyamara. Sabis ya ɗauke sau ɗaya, shi ke nan, an tashi wasa.

Kwamfutata tsohuwa ce, ba ta kama sabis ta iska, ramin wayarta ma ya daɗe da mutuwa. Wani abokina mai shagon buga takardu a Kura ya ce kwamfutocinsa ba su da kyamara, amma zai ja mini wayar intanet ɗaya, in dai na nemo ɗan abin nan da ake sokawa a USB, ɗaya bakin ya karɓi wayar. Na shiga Kano na sayo mafi sauƙin kuɗi, shuɗi, ba suna ba lamba, da ɗan ƙaramin faifan CD a kwalinsa. Na manta araha ba ta ado.

Sai ranar Litinin na gwada, sakarci na! Na soka, fitilarsa ta kawo, kwamfuta ta ce ba ta san wannan baƙon ba. Abokina ya ce direba take nema, wato manhajar da za ta gabatar mata da shi, kuma tana cikin faifan. Na zazzage kwali, wayam. Muka tono lambar da kwamfutar ke gani a cikinsa, muka bincika a waya, muka sauke direba har uku. Ɗaya ya ƙi shiga, biyu suka shiga suka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Abokina ya ce, "Malam, lambar ma ta bogi ce. Je ka nemo faifanka."

Na hau babur na koma ƙauyenmu wajen Bunkure, na birkice ɗaki. Baba ya leƙo ya ce, "Wai ɗan madubin nan? Ai yana gona."

A gona na same shi yana ta walwali a kan sanda, yana korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa. Baba ya huda gefensa da ƙusa mai zafi ya zura zare, rana kuma ta lanƙwasa shi. Raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa?

Da safe na koma shagon abokina, na saka shi a kwamfuta. Ta yi ta gurnani, ta tofo shi. Na goge da riga na mayar, ta sake tofowa. Ina nan ina gogewa goma ta wuce.

Da la'asar Baba ya ce, "Tun da na rataye abin nan tsuntsu bai sauka a fangalin shinkafar ba. In ka shiga birni ka ƙaro mana irinsa."

Na ce, "To, Baba." Na je na mayar da shi kan sandarsa, na zauna a bakin kwatar ban-ruwa ina taya shi kora.