Ramuka Tara na Kawu Bukar

Duk kun san Kawu Bukar, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa yarda wani abu ya lalace ba. Kai masa mataccen agogo, sai ya kara a kunne ya ce, "Bai mutu ba, fushi yake."

Haka ya riƙa lallashin wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ya saya tun yana aikin gidan waya. Ni ban damu da ita ba, sai da gara ta cinye waƙar wa'azin da marigayi mahaifina ya rubuta da ajami. Duk duniya ba ta rage ko'ina ba sai cikin wannan tsohuwa, inda Kawu ya taɓa buga ta da boko. Ita kuwa ba ta magana da injin zamani sai ta wata waya mai ramuka tara.

Wani Bakano a kasuwa ya ce zai nemo mana. Kawu ya ce, "Zare tara zan aika nema Kano? Ni da na ja waya har Takieta?"

Jama'a, ya farke rediyona don ya ciri wayoyin ciki, ina tsakiyar jin tafsiri! Ya zazzage min alƙaluma daga gwangwaninsu, ya tafi da shi, wai gidan wayar zai yi. Na ce, "Kawu, wannan zalunci ne!" Ya ce, "Sadaka ce, niyya kawai ba ka yi ba."

Da yake idonsa ya yi rauni, ya ce in ƙirga ramukan in sa musu lamba. Na yi bisimilla, na fara daga dama. Ya bi lambobina ya liƙe da dalma. Mako uku shiru. Ya zagi kuran, wato wutar lantarki, ya zagi dalma, ya zagi Nasaran da ya ƙera injin. Da ya gano kuskuren, har zaure ya biyo ni.

"Kai, Malam Ajami! Daga ina ka fara?"

"Daga inda Musulmi ke farawa."

"Ka taɓa ganin injin nan a masallaci?"

Har yau ban karɓi laifin nan ba. Ya gaya min ne?

Ya sake liƙi, wannan karon daga hagu. Wata Laraba bayan la'asar, sai ga baitocin mahaifina suna sauka layi-layi a sabuwar ordinatar maƙwabcinmu. Kawu ya juya baya, wai hayaƙin dalma ne ya shigar masa ido.

Ranar da ya rasu, na tsaya a kansa ina jiran wanda zai ce fushi yake. Ya Allah, yadda ya maido min da muryar mahaifina, Ka haɗa su a Aljanna. Rediyon kuwa, Kawu, na yi niyyar yanzu.